Waiwaye: Tukunyar biryani da doguwar hanyar da ta biyo

Duk wadda ta yi niyyar dafa wa dangi da ƙawaye abincin Indiya, abin da take fara nema shi ne gwangwanin kori. A nan ne ake kuskure. Garin kori da muka sani Turawan Ingila ne suka haɗa shi a ƙarni na 18, domin waɗanda suka dawo daga Indiya suna kewar ɗanɗanon can. A gidajen Indiya kuwa kowace mai girki tana da nata haɗin kayan ƙamshi, wanda suke kira masala, kuma kowace miya da irin nata.

Shi kansa barkonon da ya sa ake yi wa abincin kirari da yaji, baƙo ne a ƙasar. 'Yan Fotugal ne suka kawo shi daga nahiyar Amurka bayan Vasco da Gama ya sauka a Kalikut a 1498, suka kama Goa a 1510. Tumatir da dankalin turawa ma 'yan asalin Amurka ne. Kafin nan, baƙin masoro da citta ne ke ba miya zafi.

Sambusar da ba ta rabuwa da farantin buɗa-baki ta riga barkono shiga Indiya. Sunanta daga Farisa ya fito. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Delhi zamanin Sarki Muhammad bin Tugluk a ƙarni na 14, ya ga ana kawo ta a fada, cike da niƙaƙƙen nama da albasa da kayan ƙamshi. Ta dankali da aka fi sani yau daga baya ta zo.

Amma ni biryani, wato dafa-dukar shinkafa da nama ta Indiya, ita ce ta fi ɗaukar hankalina, don ita ce abincin taro. Bayan Babur, basarake daga tsakiyar Asiya, ya ci yaƙin Panipat a 1526 ya kafa daular Mughal a Indiya, dafa-dukar shinkafa da nama irin ta Farisa da tsakiyar Asiya ta haɗu da kayan ƙamshin Indiya. Daga nan kowane birni ya yi tasa. Ta Lucknow ba ta da yaji sosai, ana dafa naman tukuna. A Hyderabad ana jiƙa ɗanyen nama cikin kindirmo, a shimfiɗa shi a gindin tukunya, shinkafa a sama, su nuna tare. Ta Kolkata har da dankali guda a ciki, kuma ana danganta ta da masu girkin Wajid Ali Shah, sarkin Awadh da Ingila ta tuɓe a 1856, ya koma can da zama.

Abin da ke faranta min rai shi ne kusan duk kayan nan suna wurin mai kayan yaji a kasuwarmu: kanumfari, kirfa, citta, tafarnuwa, kurkum. Man da suke kira ghee, man shanu ne da aka soya. Sai dai a samu shinkafar basmati mai dogon tsawo, a kuma yi haƙuri da albasa. A yanka ta siriri, a soya a hankali har ta yi ja-ja-wur ba tare da ta ƙone ba; wadda ta yi gaggawa a nan za ta ji ɗaci a bakinta. Shinkafar kuma a tafasa ta, a tsame ta tana da sauran ƙarfi, idan an matsa ƙwaya ta karye, kada ta dame.

Sai a jera nama, shinkafa, soyayyar albasa da na'a-na'a, a kwaɓa fulawa a liƙe bakin murfi da ita don kada tururi ya fita. Wannan turarawa ita suke kira dum. A rage wuta sosai, a bar ta kamar minti 40. Kada a buɗe a kicin. A kai tukunyar inda aka shimfiɗa tabarma, a ajiye kwanon kindirmo da yankakken kokwamba a gefe, sannan a fasa fulawar a gaban baƙi.