Takalmin fata na maza: tambayoyin da ake yawan yi kafin a saya

Da zarar sallah ko lokacin bukukuwa ya matso sai ka ji maganar takalmi ta tashi, wani ya sayi sau-ciki da kuɗi masu kauri ko wata uku bai yi ba ya fara ɓarewa, wani kuma nasa ya shekara goma yana nan garau. Ga tambayoyin da aka fi yi min a kai.

Ta yaya zan bambance fatar gaske da ta roba?

Kar sheƙi ya ruɗe ka, na roba ma ya fi ɗaukar ido a shago. Ka danna saman takalmin da babban yatsa, fatar gaske za ka ga ta ɗan yamutse da ƙananan layuka, kana saki ta koma, roba kuwa lotsawa kawai take yi. Sannan ka ɗaga harshen takalmin ka duba bayansa da bakin inda aka yanka, in fata ce za ka ga gashi-gashi, in roba ce za ka ga yadi aka manna a baya. Ka sunsuna ma, ƙanshin fata daban yake. Maganar kyasta wa takalmi ashana da wasu ke yi don gwada ko fata ce kam ka bar ta, ɓata kayan mutane ne kawai.

Ita ma fatar hawa-hawa ce. Mafi kyau ita ce ta sama wadda ba a kankare fuskarta ba, ita suke rubuta wa full grain, musamman ta maraƙi, tana shan folish kuma kullum ƙara kyau take. Akwai wadda aka kankare tabonta aka shafe ta da fenti mai kauri, ita ce ke tsagewa a inda ƙafa ke lanƙwasawa. Don ka ga an buga genuine leather ba shi ne shaidar inganci ba, abin da yake nufi kawai akwai fata a ciki.

Da gaske ne mai ɗinki ya fi mai gam?

Ni nan ne wurin da na fi dubawa, fiye ma da sunan kamfani. Yawancin takalman kasuwa gam aka sa aka manne tafin da saman, shi ya sa in zafin Afrilu ya zo kana taka kwalta sai ka ga bakin takalmi ya wangale. Akwai ɗinkin Blake wanda 'yan Italiya suka fi yi, ana ɗinke tafin da saman kai tsaye, in ka leƙa ciki za ka ga layin zaren, takalmin ba nauyi kuma yana lanƙwasuwa, sai dai ruwa kan iya bin ɗinkin ya shiga. Sai ɗinkin Goodyear, sunan Charles Goodyear ƙarami ne wanda injinsa ya yaɗa wannan aikin a ƙarni na 19, shi wani siririn zirin fata ake zagaya takalmin da shi a ɗinke da saman, sannan a ɗinke tafin a jikin zirin, to in tafin ya cinye sai a farke a sa sabo ba tare da an taɓa saman ba, kuma ana iya yin haka sau da dama. Garin Northampton na Ingila da wannan ya yi suna, can kamfanin takalmi na Tricker's yake tun 1829, Church's tun 1873, Crockett & Jones tun 1879. Da farko yana da tauri da nauyi, sai ka yi haƙuri na 'yan makonni kafin ya saba da ƙafarka.

Amma fa a kula, akwai ɗinkin ado, zaren roba ne aka zuba tare da tafin don a yaudari ido. Ka sa farce ka taɓa zaren ka ji ko na gaske ne, ka kuma juya ƙasan ka gani ko ɗinkin ya ratsa.

To kenan dole sai na waje?

A'a wallahi. Fata ai tamu ce, fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi tun zamanin fatake ake ketara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, yau ma masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifen. Dukawanmu da masu yi a kasuwar Ariaria ta Aba akwai gwanaye sosai, inda ake samun matsala yawanci tafi ne da gam, saboda mai saye yana son araha. In ka samu baduku mai hannu ka ce masa a ɗinke, a sa shafin fata a ciki, ka biya kuɗin aikin, za ka sha mamaki. Tambarin Italy a ƙasan takalmi kuwa kowa na iya bugawa. Gwanjo ma ana dacewa, amma ka lanƙwasa ka duba tsagewa, in saman ya tsage babu gyara.

Saiz fa, mai shago ya ce zai buɗe?

Faɗi yana ɗan buɗewa, tsawo ba ya ƙaruwa har abada. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka riƙa sawa, ƙafa biyun duka don ɗaya takan fi ɗaya, ka yi tafiya a cikin shagon. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Lamba 42 ta Turai kusan 8 ce a Ingila, 9 a Amurka, amma kamfani da kamfani suna bambanta.

Wanne ya dace da kaftani, wanne da kwat?

Mai igiya baƙi na kwat ne da ofis. Kaftani da babbar riga sun fi karɓar sau-ciki marar igiya ko hafshu, ruwan ƙasa yana tafiya da shadda kala-kala. Kuma mu da muke cire takalmi sau biyar a rana a ƙofar masallaci, marar igiya ya fi mana sauƙi. But, wato takalmi mai dogon wuya, irin Chelsea mai roba a gefe yana kyau da jins ko wandon da bai cika faɗi ba, mai hawa babur ko aikin sait na gini kuma ya nemi mai tafin roba mai gargada, tafin fata santsi yake a tayil da ruwa.

An ce wasu da fatar alade ake shafe cikinsu?

Ana yi, musamman a shafin ciki. Alamarta ƙananan ɗigo uku-uku a haɗe. Hukuncin sawa malamai za ka tambaya, amma in kana gudunta ka leƙa ciki kafin ka biya.

Yaya zan kula da shi ya daɗe?

Abin da ya fi ci min rai shi ne take dunduniya, mutum ya fito masallaci yana sauri ya murƙushe bayan takalmin, akwai wani tauri a wurin da in ya karye shikenan takalmin ya rasa tsayuwarsa, cokalin takalmi kuma ba tsada gare shi ba. Bayan alwala ka goge ƙafa kafin ka zura, danshi ne ke kawo wari da ruɓewar ciki. Kar ka sa guda ɗaya kullum, ka ba shi hutun kwana ɗaya ya bushe, ka cusa masa katakon takalmi ko takarda don kar ya lanƙwashe.

Da hunturu ƙura da bushewa ke tsaga fata, ka kaɗe da buroshi tukuna, ka shafa man fata mai laushi sannan folish, ka gaya wa shushaina kar ya labta folish a kan ƙura, kuma ya yi amfani da kalar takalmin. Da damina in ya jiƙe kar ka shanya a rana ko kusa da wuta, inuwa mai iska kawai, in fumfuna ta fito ka goge da tsumma mai ɗan danshi ka bari ya sha iska. Dunduniyar ƙasa kuma da ka ga robarta ta fara cinyewa ta gefe ɗaya ka kai a canza tun kafin cin ya kai ga jikin takalmin, a lokacin kuɗin gyaran kaɗan ne.