Waiwaye: Yadda al'adar buɗaɗɗiyar manhaja ta shiga cikin kamfanoni

Duk wanda ya taɓa aiki a babban kamfanin da ke rubuta manhaja ya san wannan damuwa. Kana sashen biyan kuɗi, aikinka ya tsaya cak saboda wani ɗan kuskure a manhajar sashen rajistar abokan ciniki. Ka gano inda matsalar take, da za a ba ka dama da kafin la'asar ka gyara ta. Amma rubutun manhajarsu a kulle yake, ko leƙa shi ba ka da iznin yi. Sai ka rubuta buƙata, ta bi layi bayan wasu buƙatun, ka yi ta jira wata da watanni. Idan jira ya ishe ka, ko dai ka kai kuka wurin shugabanka ya je ya matsa wa nasu shugaban, ko kuma ka zauna ka rubuta taka irin tasu. Da haka kamfani ɗaya kan wayi gari da manhaja huɗu ko biyar masu aiki iri ɗaya, kowacce da nata kurakuran, alhali duk daga aljihu ɗaya aka biya.

Tsarin da ake kira InnerSource don wannan ciwon aka kawo shi. Kamfani ne zai ɗauko yadda masu buɗaɗɗiyar manhaja ke aiki, wato manhajar da ake sakin rubutunta kowa ya karanta ya gyara, ya yi amfani da shi a cikin gida. Rubutun manhajar yana nan mallakar kamfani, ba ya fita waje, amma kowane ma'aikaci yana iya karanta na kowane sashe, ya kawo gyara, masu abin su duba, su karɓa ko su mayar masa ya sake. Fiye da shekara ashirin ke nan da raɗa masa suna. Abin da na lura da shi a tarihinsa kuwa, buɗe rubutun bai taɓa zama babban aiki ba. Inda gizo ke saƙa shi ne samun mutumin da za a ba lokaci ya zauna ya duba aikin baƙo.

Abin sha'awa, ita kanta buɗaɗɗiyar manhaja irin wannan takaicin ne ya haife ta. Wajen 1980, a ɗakin binciken jami'ar MIT da ke Amurka, akwai wata firinta ta Xerox da takarda ke yawan maƙale mata. Richard Stallman ya so ya taɓa manhajarta don ta riƙa sanar da mutane idan ta tsaya, sai aka hana shi rubutun. Abin ya tsaya masa a rai, a 1983 ya ƙaddamar da shirin GNU, na manhajar da kowa ke da 'yancin karantawa da gyarawa da rabawa. A 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya saki Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya ce mai so ya sa hannu. A 1995 wasu masu kula da shafukan intanet suka fara tattara gyare-gyaren da kowannensu ke yi wa wata manhajar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan, daga nan manhajar Apache ta samo asali.

Kamfanoni ba su damu da zancen 'yanci ba. Abin da ya ja hankalinsu shi ne ingancin aikin. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, babu albashi, babu shugaban da ke tsaye a kansu, ga shi sun fitar da abin da ke gogayya da kayan manyan kamfanoni. A 1997 Eric Raymond ya rubuta wata maƙala da ta yi tashe, inda ya kwatanta hanyoyin biyu: ɗaya kamar ginin babbar majami'a ce da 'yan ƙwararru ke yi a killace, ɗaya kuma kamar cin kasuwa ce, hayaniya ta ko'ina amma kowa na ganin kayan kowa. Hujjarsa ita ce idan idanu suka yi yawa a kan rubutu, kuskure ba ya samun maɓoya. A Janairun 1998 Netscape ya sanar zai saki rubutun manhajarsa ta shiga intanet, wata guda bayan haka Christine Peterson ta ba da shawarar sunan da ake kiran harkar da shi har yau a Turance, wato open source, sunan da 'yan kasuwa za su iya furtawa ba tare da gabansu ya faɗi ba.

Daga nan tambayar ta zo da kanta. Idan wannan hanya ta yi aiki tsakanin baƙi, me zai hana ta yi tsakanin mutanen da ke karɓar albashi a wuri ɗaya? Tim O'Reilly, mai kamfanin buga littattafan kwamfuta, shi ake danganta wa ƙirƙiro sunan InnerSource a shekarar 2000. A lokacin yana da hannu a CollabNet, kamfanin da aka kafa a 1999 tare da Brian Behlendorf na Apache, wanda sana'arsa ita ce sayar wa kamfanoni kayan aikin haɗin gwiwa irin na buɗaɗɗiyar manhaja. A shekarun da suka biyo baya Hewlett-Packard da Lucent da IBM da Nokia da sashen kayan asibiti na Philips duk sun gwada, kowa da sunan da ya ba nasa. SAP ya buɗe nasa dandalin cikin gida a 2006, Bosch kuma ya fara a 2009.

Wannan zango na farko bai game duniya ba. Wani ɓangare na dalilin kayan aiki ne, domin a lokacin kai gyara cikin rubutun wani sashe yana bukatar a buɗe maka izni na musamman, kuma ba wanda ke son ba baƙo mabuɗin ɗakinsa. Amma babban dalilin tun 1968 wani masani, Melvin Conway, ya faɗe shi: tsarin da ƙungiya ta ƙera yakan ɗauki kamannin yadda mutanenta ke magana da juna. Idan sassa ba sa magana sai ta bakin shugabanni, manhajarsu ma haka za ta fito, katanga bayan katanga. Kafa dandali a kan saba ba ya canja wanda ke ba wa wane umarni.

Matsalar kayan aiki ta warware cikin sauri. Torvalds ya rubuta Git, manhajar bin sawun gyare-gyaren rubutu, a 2005, aka buɗe GitHub, dandalin intanet da aka gina a kanta, a 2008, sai abu ya koma mai sauƙi: ka kwafi rubutun, ka yi gyaranka a gefe, ka miƙa shi kana neman a haɗa, masu abin su karanta layi bayan layi su yi maka tambayoyi a fili. Matasan da suka koyi sana'ar ta wannan hanya, da suka shiga manyan kamfanoni suka tarar da ƙofofi a rufe, sai suka fara tambayar dalili. Google dama tun farko yawancin rubutunsa a rumbu ɗaya yake. Bayanin da injiniyoyinsa suka wallafa a 2016 ya nuna layi kusan biliyan 2, injiniyoyi sama da 25,000 na aiki a ciki, kusan kowa na iya karanta na kowa, amma kowane ɓangare yana da masu shi, kuma gyara ba ya shiga sai da amincewarsu. Shi kuwa Microsoft, wanda shugabansa na lokacin Steve Ballmer ya kira Linux ciwon daji a 2001, a 2017 ya mayar da rubutun Windows kan Git, fayil kusan miliyan 3.5, sannan a 2018 ya sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5.

A ganina, wurin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne PayPal. Danese Cooper, wadda ta yi shekaru tana harkar buɗaɗɗiyar manhaja a Sun da Intel da gidauniyar Wikimedia, ita ta jagoranci shirin a can, kuma a 2015 ta kafa zauren InnerSource Commons don kamfanoni su riƙa musayar abin da suka koya. A 2020 zauren ya zama gidauniya mai zaman kanta. Gudummawar wannan zango ita ce an daina maganar dandali, an koma maganar mutane. Aka ware wani matsayi, wanda zan kira amintaccen mai karɓar gyara. Shi ƙwararre ne daga sashen masu manhajar, ana rage masa aikin rubutu na wani lokaci, a ce aikinka yanzu shi ne baƙi: ka karanta abin da suka kawo, ka nuna musu yadda muke yi a nan, ka rubuta amsa a inda wani zai gani gobe. Wannan na ƙarshe daga Apache aka aro shi, inda al'adarsu ita ce shawarar da ba a rubuta ta a bainar jama'a ba kamar ba a yanke ta ba. Amsa ɗaya da aka rubuta a fili tana hutar da amintaccen daga maimaita ta ga mutum goma, kuma a hankali ita ce ke zama littafin jagora da ba wanda ya taɓa samun lokacin rubutawa.

Akwai kuma wani tsoro na gaskiya da masu karɓar gyara ke da shi. Baƙo zai kawo rubutunsa ya tafi, idan ya fashe da tsakar dare su za a tasa daga barci. Don haka aka fito da wata yarjejeniya da ta bazu a tsakanin masu wannan tsari: wanda ya kawo gyara zai ɗauki nauyin duk matsalar da ta ɓullo daga gare shi har kwana 30 bayan an fara amfani da shi. Ƙaramin abu ne, amma yana sa mai kawowa ya yi aiki da kyau, mai karɓa kuma hankalinsa ya kwanta.

Wanda ya san aikin gayya zai gane inda lamarin ke tsayuwa. Mutane kan fito gonar wani ne saboda sun san ranar tasu za a fito musu, kuma mai gona ba ya kiran gayya ya tafi kasuwa. Yana nan yana nuna inda za a fara, ya tanadi abinci da ruwa. A kamfani mai gonar shi ne manajan sashe, kuma shi ne tsarin ya fi matsa wa. Ana auna shi da abin da sashensa ya kammala a wata uku. Idan ya saki gwaninsa ya yi mako biyu yana duba aikin wasu, ko ya bar yaronsa ya je ya gyara manhajar maƙwabta, ribar ta kamfani ce baki ɗaya, giɓin kuma a takardarsa zai fito. Ba na ganin laifin manajan da ya ƙi. Laifin na shugabannin da suka sanar da buɗe ƙofa ne ba tare da sun taɓa ma'aunin ƙarin girma ba. Idan haka ta faru, gyare-gyare kan taru babu mai dubawa, wanda ya kawo sau ɗaya aka yi watsi da shi ba ya sake kawowa, sai a koma gidan jiya.

Maganar yawan idanu ma tana da iyaka, kuma buɗaɗɗiyar manhajar da kanta ta nuna haka. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet. Rubutun a buɗe yake ga duniya, amma kuskuren ya yi kusan shekara biyu a ciki, domin masu amfani da shi miliyoyi ne, masu kula da shi kuwa 'yan tsiraru ne da ba su da isasshen kuɗi. Manhajar da sassa ashirin suka dogara da ita a cikin kamfani, wadda ba ta cikin kasafin kowa, tana iya faɗawa wannan ramin.

Sai kuma wata matsala da injiniyoyi ba su yi tsammani ba, wato haraji. Babban kamfani a idon doka tarin ƙananan kamfanoni ne, wasu a ƙasashe daban-daban. Idan ma'aikacin reshen Indiya ya gyara manhajar reshen Jamus, hukumar haraji tana iya ɗaukar wannan a matsayin hidima mai daraja da ta tsallaka iyaka, wadda dole a sa mata farashi. Tsarin ya ci gaba da yaɗuwa duk da haka, har Hukumar Tarayyar Turai ta sa shi cikin manufarta ta buɗaɗɗiyar manhaja ta 2020 zuwa 2023, don sassanta su riƙa ganin rubutun juna. Amma a Deutsche Bahn, kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, sai da aka zauna aka rubuta lasisi na musamman na cikin gida, mai fayyace wanda ke da haƙƙin amfani da rubutun da wanda ke da haƙƙin gyara shi, don ma'aikacin wannan reshe ya iya taɓa manhajar wancan reshen ba tare da an saɓa doka ba.