Littattafan Matafiya da Tarihin Ƙasar Hausa: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Karatun Nishaɗi

Mutane da yawa kan sayi littafin tarihi ko na tafiye-tafiye da ɗoki, su karanta shafi ashirin, su ajiye shi ƙura ta rufe. Galibi ba littafin ne bai da daɗi ba, hanyar shigarsa ce aka kuskure.

Ban saba da irin wannan karatu ba. Da wanne zan fara?

Fara da wanda aka rubuta da Hausa, kuma marar kauri. *Tafiya Mabuɗin Ilmi* na Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943, ya dace da mai farawa, domin Bahaushe ne ke kallon baƙuwar ƙasa da idonmu. In kana jin Turanci, bi shi da *Baba of Karo*, tarihin rayuwar wata dattijuwa da ta rayu a ƙasashen Kano da Zazzau wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954. A nan za ka ji aure, kishi, ƙawance da harin masu kamun bayi daga cikin gida, abin da matafiya maza ba su taɓa leƙawa ba.

Ana ta yabon littafin Barth, amma mujalladi biyar ne. Ya ake cinye shi?

Ba a cinye shi daga bango zuwa bango. Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin tafiyarsa, ya yi yawo daga 1850 zuwa 1855 da sunan Abdulkarim, kuma ya rubuta komai, har rijiyoyi da itatuwan hanya. Wanda ya fara karatu daga tashinsa Tarabulus ta Libiya zai gaji tun yana cikin hamada. Buɗe jerin babuka, ka zaɓi garin da ka sani. Katsina da Kano suna mujalladi na biyu. Ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851. Karanta yadda ya kwatanta Dala, kududdufin Jakara, marina da kasuwa, sannan in kana kusa ka je ka tsaya bakin kasuwar Kurmi ka duba abin da ya saura. Babi ɗaya a zama ɗaya ya isa. Daga nan sai ka koma baya ka ga zamansa a Agadas, ko ka wuce gaba zuwa Kukawa da Yola.

Sunayen garuruwa suna rikita ni. Mene ne magani?

Kowane matafiyi ya rubuta suna yadda kunnensa ya ji. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya rubuta Sakkwato da Sackatoo, Katsina kuwa Kashna. Zazzau takan fito a matsayin Zegzeg. Kalmar Sudan a waɗannan littattafai ba ƙasar Sudan ta yau ba ce, duk yankin da ke kudu da hamada ake nufi, har da namu. Furta sunan da ƙarfi, sau da yawa bakinka zai gane abin da idonka ya kasa. Ka ajiye taswira a gefe da ɗan littafin rubutu, shafi ɗaya don sunaye kawai: na littafi a hagu, na yau a dama.

Shin za a gaskata duk abin da baƙo ya rubuta a kanmu?

A'a, kuma ba a watsar da shi. Raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka faɗa masa. Farashin kasuwa, tsawon ganuwa, yawan kwanakin tafiya tsakanin zango da zango, waɗannan akan dogara da su sosai. Barth ya ce dala ɗaya ta azurfa wuri 2,500 ce a Kano, kuma shi da kansa ya yi ciniki da ita. Ƙidayar jama'a kuwa kirdado ce: ya ƙiyasta mazauna Kano 30,000, su ninka a lokacin fatauci, Clapperton kuma ya ce tsakanin 30,000 da 40,000. Inda za ka yi taka-tsantsan shi ne hukuncinsu kan addini da halayen mutane. Tambayi kanka: wa ya biya kuɗin tafiyar, wa ya sauke shi, yana jin harshen ko ta bakin tafinta yake ji? Barth ya san Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci, shi ya sa bayaninsa ya fi na sauran zurfi. Duk da haka, kada ka karanta labarin Sakkwato daga bakin baƙo kaɗai alhali *Infaƙul Maisuri* na Muhammadu Bello yana nan. Shi ma ka tuna jagora ne a jihadin da yake ba da labarinsa. Haɗa su biyun shi ne daɗin karatun.

Shekarun fa? Wani ya sa Hijira, wani Miladiyya.

Don samun Miladiyya, ninka shekarar Hijira da 0.97, ka ƙara 622. Misali 1227 ta ba da 1812. Akan sami saɓanin shekara ɗaya, don watanni ba sa faɗawa daidai.

Akwai wani tarko a Tarihin Kano, tsohon kundin da ya jero sarakunan Kano da labarinsu. Asalin rubutun tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, H. R. Palmer ne ya lissafo shekarun da baya da baya lokacin da ya fassara shi a 1908. Saboda haka shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya fara sarauta lissafi ne, ba shaida ba. Yadda aka yi nisa baya, haka kuskuren ke taruwa.

A ina ake samunsu?

Tsofaffin irin na Barth da Clapperton suna kyauta a shafin intanet na Internet Archive. Sauke wanda aka ɗauki hoton shafukansa, domin wanda na'ura ta mayar rubutu yakan dagula sunaye, kuma ka duba ko taswirar na ciki, don sau da yawa a naɗe aka ɗauke ta. Kula da bugun da aka taƙaita, yakan yanke ƙarin bayanan ƙarshe inda hanyoyin fatake suke. Na Hausa kuwa, nemi bugun kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da ke Zariya a wajen masu sayar da littattafai, ko ka ziyarci Arewa House a Kaduna. In ka sayi naka, ɗora shi kan kanta nesa da bango saboda gara da danshin damina, kada ka ƙulle shi cikin leda.