Tafiya da babur ta kai ka bakin teku: yaya ake tsallakar da shi?

Me ke sa matafiyi ya loda babur ɗinsa a jirgi?

Hanya ce ke ƙarewa. Sanannen misali shi ne dajin Dariyan da ke tsakanin Panama da Kolambiya. Babban titin da ya ratsa nahiyar Amurka yana yankewa a garin Yabiza, daga nan sai ƙungurmin daji da fadama na kusan kilomita 100, ba titi. Dole babur ya shiga kwantena daga tashar Kolon ta Panama zuwa Kartahena ta Kolambiya, ko ya hau jirgin sama zuwa Bogota, babban birnin Kolambiya. Haka mai son shiga Ostareliya daga Asiya, babu makawa sai ya tsallaka ruwa.

Jirgin ruwa ya fi sauƙin kuɗi, ko ba haka ba?

A takarda, e. Amma farashin da kamfanin jigila zai fara gaya maka galibi kuɗin dako ne kawai. Idan kwantena ta iso, sai kuɗin sauke kaya, da na buɗe kwantena, da ladan ejan mai fito da kaya, da kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kullum muddin takardu ba su kammala ba. Ga shi jirgin ruwa na iya shafe makonni, kai kuma kana zaune a masauki kana cin guzurinka, bizarka na ƙarewa. A ganina, ga mai babur ɗaya, jirgin sama ya cancanci a duba shi da kyau, domin cikin 'yan kwanaki ka karɓi abinka. Jirgin ruwa na yin riba ne idan matafiya da yawa sun haɗa kuɗi sun cika kwantena guda. Ko wanne ka zaɓa, ka nemi a rubuta maka kuɗaɗen da za a caje ka a inda za a sauke, tun kafin ka miƙa makulli.

Yaya ake lissafin kuɗin jirgin sama?

Ana duba nauyi da kuma girman akwatin da za a saka babur a ciki, wanda ya fi yawa shi za a caja. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000. Akwati mai 220 da 90 da 120 zai fito kilo 396, ko da babur ɗin bai wuce kilo 200 ba. Ka cire tayar gaba da madubai, ka kwantar da kan babur, akwatin ya koma 200 da 80 da 100, lissafi ya sauko kusan kilo 267. Aikin rabin yini da sifana ke nan, kuma kuɗin da yake ragewa ba kaɗan ba ne.

Fetur da batir fa?

Kamfanonin jiragen sama na ɗaukar babur a matsayin kaya mai haɗari. Kada man tanki ya wuce kashi ɗaya bisa huɗu, kuma yawancinsu za su ce a cire wayar batir.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Fasfo, takardar mallakar babur da sunanka, da takardar lodi da kamfanin jigila ke bayarwa. Ka tabbata lambar inji da ta shasi sun yi daidai a kowace takarda, domin kuskuren harafi ɗaya na iya tsayar da babur a hannun kwastan. Ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da Iran suna neman kuma takardar kwastan da ake kira Carnet de Passages. Ƙungiyoyin masu motoci ke bayar da ita bayan ka ajiye kuɗin jingina, shaidar cewa za ka fita da babur ɗin ba tare da ka sayar ba, kuma tana aiki shekara guda.

Akwai abin da mutane ke yawan mantawa?

Katako da datti. Katakon akwatin ya zama mai hatimin ISPM 15, alamar an gasa shi ko an turara shi da magani an kashe ƙwari. Ostareliya da Niyu Zilan kuma ba sa wasa da laka ko ƙwayar ciyawa da ta maƙale a ƙarƙashin babur. In jami'ansu suka gani, za a sake wanke shi da kuɗinka kafin a sake maka shi.