Kafin ƙungiyarku ta fita dashen itatuwa, ku fara da kututturan da ke ƙasa

Duk damina ƙungiyoyin matasa da na mata suna fitowa aikin sa kai, a dasa itatuwa ɗaruruwa a yini guda. Niyya ce mai kyau, Allah ya saka da alheri. Sai dai mu malaman gona da gandun daji abin da ke damunmu shi ne yadda akasarin dashen ba ya kai ƙarshen rani. Awaki su ci, gara ta ci, sauran ƙishirwa ta ƙarasa su.

Saboda haka kafin a nemi tsiro ko ɗaya, a zaga filin a duba kututturan itatuwan da aka sare. Da yawansu ba su mutu ba. Saiwarsu tana can zurfi inda damshi yake, shi ya sa suke tofo kowace shekara, mu kuma muna sassabe su a matsayin ciyawa. Wannan tofon ya fi sabon dashe saurin girma nesa ba kusa ba, don ba sai ya nemi ruwa daga farko ba. A yankin Maradi na Jamhuriyar Nijar aka fara yaɗa wannan dabara ta renon tofon kututture a 1983 tare da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Australia, kuma an ƙiyasta cewa manoman ƙasar sun farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 ta wannan hanya.

Ga yadda ake yi. A kowane kututture a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran. Waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu, kada a wuce haka, domin reshen da aka aske tas iska na karya shi. Adda ta kasance mai kaifi, a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama. Saran da ya sauko daga sama yana ɓare ɓawo, ta nan cuta da ƙwari ke shiga. A ɗaure rassan wuri ɗaya da igiya mai laushi, a sa ƙyalle mai launi don mai neman itacen girki ya san akwai mai kula da shi. Bayan wata biyu zuwa shida a dawo a cire sabon tofon da ya fito. Kalgo, sabara, gawo, aduwa da magarya duk suna karɓar wannan gyara.

Inda ƙasa ta zama fako, ruwa na gudu a kanta bai shiga ba, sai an fara tare ruwan. A nan ne yawan hannu ke da amfani, kuma da rani ake aikin. Ana haƙa rami mai siffar rabin wata, mai faɗin mita huɗu, zurfin santimita 15 zuwa 25. Bakinsa ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka tono a jera ta a matsayin kunya ta ɓangaren gangare, a daddanne ta sosai. Layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan layi na farko, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya bakin, sai ruwan farko ya share kunyar gaba ɗaya. A jigawa mai yashi zalla kada a ɓata ƙarfi, ramin rushewa yake yi.

Sai kuma dashe, a wuraren da babu kututture. A jira damina ta zauna, ƙasa ta jiƙa da zurfi. Rami ya kai santimita 40 zuwa 50 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanke gindin leda, a cire ta duka, a datse saiwar da ta nannaɗe. Wuyan tsiron ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Da yamma ake dasawa.

Shawarar da muka fi nanatawa: kada ƙungiya ta dasa abin da ya fi ƙarfin kulawarta. Kowane tsiro yana buƙatar shingen ƙaya ko na kara har shekara biyu zuwa uku, da ban ruwa a ranin farko. A raba su, kowa ya san nasa.

Tun kafin a ɗaga fartanya a zauna da masu filin, da shugabannin gari, da makiyayan da ke bi ta wurin. A fayyace wa ke da ikon itacen idan ya girma, wa zai ɗebi rassan da aka rage, yaushe dabbobi za su shiga kiwo. A rubuta yarjejeniyar. Ƙidayar abin da ya rayu kuma a yi ta a ƙarshen rani, gab da saukar ruwa, sannan a cike gurbin waɗanda suka mutu.