Ma'anar kemistirin sufuramolekiyula: ɗaurin haidirojin da ɗaurin ƙarfe

Abu na farko da ɗalibin ilimin sinadarai yake koyo shi ne yadda ƙwayoyin zarra suke haɗuwa su tayar da molekiyul, kamar yadda haidirojin biyu da oksijin ɗaya suke ba da ruwa. Ɗaurin da ke riƙe su yana da ƙarfi ƙwarai, domin tarayya suke yi a kan elektiron, wato ƙananan ɓarɓashi masu cajin lantarki na negatif da ke kewaye da tsakiyar kowace zarra. Kemistirin sufuramolekiyula yana tashi ne daga inda wannan ya tsaya, wato yana nazarin yadda molekiyul da suka riga suka cika suke gane juna, su manne, su jeru bisa tsari, ta hanyar ɗauri mai sauƙin kwancewa. Masanin Faransa Jean-Marie Lehn ne ya yaɗa sunan fagen a 1978, kuma a 1987 aka ba shi kyautar Nobel tare da Charles Pedersen da Donald Cram. Cikin ɗaurukan da fagen ya dogara a kansu, biyu sun fi fice.

Na farko shi ne ɗaurin haidirojin. Idan haidirojin yana manne da oksijin ko naitirojin, su kan janye elektiron zuwa ɓangarensu, sai a bar haidirojin ɗin da ɗan cajin lantarki na fozitif, shi kuma ya karkata zuwa ga wani oksijin ko naitirojin da ke kusa mai elektiron biyu da ba ya amfani da su. A cikin ruwa ƙarfin wannan ɗauri bai wuce kimanin kilojul 20 a kowane mol (ma'aunin makamashin da ake buƙata a karya ɗauri) ba, alhali ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon ya kai kimanin 350. Duk da wannan rauni, shi ya sa ruwa ba ya tafasa sai a digiri 100, yayin da haidirojin salfaid, wanda ya fi shi nauyi, yake tafasa a kusan digiri 60 ƙasa da sifili. Shi ne kuma yake riƙe zare biyu na DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, inda cikin tubalansa huɗu adenin da tayimin suke ƙulla ɗauri biyu, guwanin da sayitosin kuma uku. A nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, domin miliyoyin ɗauruka suna tsare zaren da kyau, amma kowanne yana da sauƙin buɗewa lokacin da ƙwayar halitta take buƙatar kwafar abin da ke ciki.

Na biyu shi ne ɗaurin ƙarfe. Ƙwayar ƙarfe mai caji tana da gurabe na karɓar elektiron, sai wasu molekiyul da ake kira ligan su kewaye ta, kowanne ya miƙa mata elektiron biyu daga nasa. Alfred Werner ne ya fayyace wannan a 1893 a birnin Zurik, ya nuna yadda ƙarfen kobalt yake tara amoniya shida a kewayensa, kuma ya sami Nobel a 1913. Abin da ya sa masu wannan fage suke son ƙarfe shi ne kowane iri yana da adadin ligan da kusurwar da ya fi so, don haka mai bincike yana iya sanin siffar abin da zai fito tun kafin ya haɗa komai. Wasu masana suna ganin ɗaurin ƙarfe ya yi ƙarfi da yawa a lissafa shi cikin raunana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. A ganina abin dubawa shi ne ko ɗaurin yana iya kwancewa ya sake ƙulluwa, domin a nan ne dukan hikimar take: idan guntu ya manne a inda bai dace ba, zai saki ya sake gwadawa, har a kai ga tsarin da ya fi kowanne zama daram.

Aikin Makoto Fujita na Jafan a 1990 ya nuna haka a sarari. Ya ɗauki ƙarfen faladiyam ya toshe biyu daga gurabensa huɗu, sai biyun da suka rage suka tsaya a kusurwar digiri 90. Ya kawo wani ligan miƙaƙƙe mai naitirojin a kowane baki, ya gauraya su, sai faladiyam huɗu da ligan huɗu suka harhaɗa kansu suka ba da murabba'i mai rami a tsakiya, wanda ƙananan molekiyul suke iya shiga. Kafin wannan, a 1983, Jean-Pierre Sauvage ya sa jan ƙarfe ya riƙe molekiyul biyu masu kama da zare a giciye, ya rufe bakunansu, daga baya ya cire jan ƙarfen, aka bar zobba biyu sarƙe da juna ba tare da wani ɗauri a tsakaninsu ba. Wannan aiki yana cikin abin da ya kai shi ga Nobel a 2016.

Wurin da ɗaurukan biyu suke aiki tare a fili shi ne himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini. A tsakiyar kowane rukuninsa akwai ƙwayar baƙin ƙarfe ɗaya, naitirojin huɗu suna riƙe da ita a shimfiɗe, na biyar kuma daga wani histidin, ɗaya daga cikin tubalan furotin ɗin, yana riƙe da ita ta ƙasa. Gurbi na shida an bar shi domin oksijin, wanda yake mannewa a karkace, sai wani histidin na biyu da ke sama ya tallafe shi da ɗaurin haidirojin. Iskar kabon monoksaid ma tana neman wannan gurbi, kuma idan babu furotin a kewaye ta fi oksijin kama ƙarfen sau dubbai masu yawa. Amma da yake ba ta samun irin tallafin da oksijin yake samu daga histidin na sama, fifikonta a cikin himogulobin yana sauka zuwa kimanin sau 200. Wannan adadi har yanzu ya isa ya sa hayaƙi a rufaffen ɗaki ya yi kisa, sai dai ya rage isasshe yadda ɗan kabon monoksaid da jiki yake samarwa da kansa ba ya toshe wa oksijin hanya.