Tambayoyin da na gaji da amsawa kan kulawar sassauta raɗaɗi

Kusan kullum sai an min waɗannan tambayoyin, shi ya sa na tara su wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Idan aka ce a fara wannan kulawa, likita ya cire rai kenan?

A'a. Ana yin ta tare da maganin cutar, ko kansa ce ko ƙoda ko zuciya. Aikinta rage ciwo, haki, amai, rashin barci da damuwa.

Mofin, wato maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, ba zai ƙarasa mara lafiyar ba? Ba zai kamu da jarabarsa ba?

Haba jama'a. Mutum na murƙususu cikin dare ku kuma kun ɓoye magani kuna tsoron jaraba. In likita ne ya tsara, aka fara kaɗan ana ƙarawa a hankali, ba ya kashe mutum. Abin da zai kawo kusan tabbas shi ne bushewar ciki, to ku nemi maganin sakin ciki tun ranar farko.

An yi bincike a kai kuwa?

An yi. A 2010 Dakta Jennifer Temel da abokan aikinta a Boston ta Amurka sun raba masu kansar huhu da ta bazu su 151 gida biyu. Waɗanda aka fara wa kulawar da wuri sun fi samun sauƙin rayuwa, baƙin ciki ya ragu, kuma tsaka-tsakin abin da suka rayu wata 11.6 ne, ɗaya ɓangaren 8.9. Amma kar wani ya je ya ce na ce tana ƙara kwana, bincike ɗaya ne kan cuta ɗaya.

Ya daina cin abinci, mu tilasta masa ko a sa masa ƙarin ruwa ko robar ba da abinci ta hanci?

To nan kam sai an bi a hankali, ya danganta. Farko a duba me ya hana shi ci, don wani lokacin ciwon baki ne ko tashin zuciya ko cikin ne ya bushe kwana huɗu ba wanda ya lura, waɗannan duk ana maganinsu ya koma ci. In kuma wani abu ne ya toshe maƙogwaro alhali yana jin yunwa kuma da sauran ƙarfinsa, roba za ta iya amfanarsa sosai. Amma in cutar ta yi nisa jikin ne da kansa ya daina karɓa, ba yunwa yake ji irin wadda kuke zato ba, kuma ɗura na iya sa ya ƙware abincin ya gangara huhu. A 2013 Dakta Eduardo Bruera ya gwada lita ɗaya ta ƙarin ruwa kullum a binciken da ya haɗa masu kansa 129 da ke kusa da ƙarshe, bai rage musu wahala ba bai ƙara musu kwana ba. Wani ma ruwan sai ya kumbura masa ƙafa ya ƙara masa haki. Masu ciwon mantuwa da ya yi tsanani su ma ba a ga roba ta tsawaita musu rai ba. Duk da haka ba zan yanke muku hukunci daga nesa ba, ana iya gwada ruwan na kwana biyu ko uku a gani, in ba canji a cire. Ku ba shi abin da yake marmari ko cokali biyu ne, a riƙa jiƙa masa leɓe, kuma in yana iya magana shi za a tambaya, ku daina shawara a kansa kamar ba ya ɗakin.

Ni mai jinya na gaji, har haushinsa nake ji wani lokacin, laifi ne?

Ba laifi ba ne, gajiya ce. Kulawar ma har da ke aka tsara ta. A wani bincike na 2015 mai suna ENABLE III, masu jinyar da aka riƙa koya musu dabaru ta waya tun da wuri, baƙin cikinsu ya ragu. Ki raba kwanan jinya da 'yan uwa, ki yi barci.

Wa ya ƙirƙiro ta?

Cicely Saunders, wata likita 'yar Birtaniya, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967.

Me ya sa ba kowane asibiti ke yi ba?

Ƙarancin ma'aikata da tsauraran dokokin mofin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 56.8 ke buƙatarta duk shekara, kusan kashi 14 cikin 100 ke samu. Ku dai tambayi likitanku kai tsaye, kar ku jira sai ya kawo maganar.